Ƙaton Rilen Mai Fanka

Duk layin da Mai Fanka aka san shi, har uwargidansa in ranta ya ɓaci haka take kiransa. Shagonsa ɗaki ɗaya ne a ƙasan wani tsohon bene, tsakanin tela da mai gyaran takalmi, kuma tun gashinsa yana baƙi aikinsa ke nan: a kawo fanka ko injin jan ruwa da ya ƙone, ya farke cikinsa, ya zare wayar da ta babbake, ya naɗa sabuwa. Aikinsa ba ya dawowa, wannan ko wanda ba ya shiri da shi zai faɗa. Amma taurin kai kam Allah ya hore masa. Shi a duniya duk abin da ba shi da nauyi jabu ne. In ka miƙa masa kaya ba ya ɓata lokaci wajen karanta rubutun jiki, sai ya ɗora a tafin hannu ya jinjina. In ya ji ya danne masa hannu ya ce na kirki ne, in ya ji shi sakayau ya miƙo maka abinka ko kallonka ba zai yi ba.

A gida yana da wani ɗaki can ƙurya, da ma na ajiyar tarkace ne, ya kwashe su ya kafa tebur. A kan teburin nan rediyonsa yake, ba irin na jin labarai ba, irin wanda mutum ke danna makirfo ya yi magana a ji shi daga nesa, ya saki ya saurari amsa. Lasin ɗinsa yana cikin firam, a rataye sama da hoton aurensu, abin da uwargida ba ta yafe ba har yau. Ya ja eriya biyu daga saman rufi, ɗaya zuwa ƙarfen tankin ruwa, ɗaya zuwa bishiyar maƙwabci, ga makunni na hannu a bango da yake murɗawa ya zaɓi wadda yake so. Mutanen layi sun ɗauka da duniya duka yake hira. Ina! Mutum ɗaya yake yi wa duk wannan wahala, wani abokinsa da ake ce wa Siriri.

Tare suka koyi aikin wuta suna samari, a hannun wani ubangida mai saurin hannu wajen mari. Ɗaki ɗaya suka kama, riga mai kyau ɗaya gare su, wanda zai je zance shi ke sawa. Daga baya Siriri ya sami aikin auna ruwa a wata madatsa can cikin duwatsu, tafiyar yini guda a mota in hanya ta yi kyau, ya yi aure a can, ya tsufa a can. Shi ya fara kamuwa da ciwon rediyo, shi ya shafa wa Mai Fanka. Tun daga nan kowace safiya, bayan an sha shayi kafin a buɗe shago, sukan haɗu a wani lungu na zangon rediyo da ba mai zuwa. Ba wata magana ce ta a zo a gani ba. Ciwon gwiwa, ruwan sama, wane ya mutu, wane ya ƙara aure, sai zagin juna. Da haka suka aurar da 'ya'ya, da haka Siriri ya binne matarsa, washegarin rasuwar ma sai da ya danna makirfo, bai iya cewa komai ba, Mai Fanka ya zauna yana sauraron numfashinsa har rana ta ɗaga.

Da wayar hannu ta cika gari su ma sun saya, don 'ya'ya sun matsa. Amma ko lambar juna ba su karɓa ba. A wurin masu irin wannan rediyo, ka ɗauki waya ka tambayi abokinka ko yana jin ka, daidai yake da direba ya sauko yana tura motarsa fasinja na kallo. Wauta ce, babu shakka, amma su biyun sun riƙe ta hannu bibbiyu.

Sai ciwo ya shigo wa Siriri. Ƙirji ne, aka ce, ga kunne ya yi nauyi. Rediyonsa ɗan ƙarami ne da ke aiki da batir, muryarsa da ma ba ta cika ɗaki, yanzu kuma ta zama kamar zare. Mai Fanka yana jin sa in ya kasa kunne sosai, amma shi Siriri ya daina jin Mai Fanka. Rabin hirar ta koma “maimaita”. Wata safiya Mai Fanka ya kawo wani dogon labari na yadda tela ya ɗinke aljihun wandon wani ango, yana faɗa yana dariya har da hawaye. Da ya saki makirfo sai ya ji Siriri yana cewa a hankali, “Kana nan kuwa?” Dariyar ta bushe wa Mai Fanka a fuska. Tsoro ne ya kama shi, tsoron kada abokinsa ya tafi alhali sun daina jin juna tun yana raye. A ranar ya ƙudura sai ya haɗa amfilifaya, na'urar ƙara wa rediyo murya, mai ƙarfin da ko kurma zai ji.

Ya ture fankokin mutane gefe, ya shiga aiki. Taransifomar cikinta da hannunsa ya naɗa ta, da ya gama sai da tela ya kama masa kafin ta hau tebur, kuma nauyin nan ya faranta masa rai ƙwarai. Saura abu ɗaya da amfilifaya ba ta yi sai da shi, wato rile. Eriyar da ke fitar da magana ita ce ke kawo amsa, to dole a sami mai juya ta. Rile wani harshen ƙarfe ne tsakanin baki biyu. In ka danna makirfo ya faɗa bakin fita, wuta ta bi ta nan, in ka saki ya koma bakin ji. Tsohon rilen da ke cikin rediyon ba zai ɗauki wannan sabuwar wuta ba, sai an nemo wani.

A kasuwar 'yan kayan wuta mai shago ya ajiye masa guda biyu a kan kanta. Ɗaya bai fi babban yatsa ba, a rufe ruf cikin gilashi. Ɗayan kuwa ƙato, an ciro shi daga akwatin tayar da injin niƙa, bakunansa faffaɗa, ga tagulla lafiyayya. Mai Fanka ya jinjina wannan, ya jinjina wancan. Ai ba sai an faɗi wanda ya ɗauka ba.

Washegari Siriri ya tambaye shi, bayan an yi “maimaita” har ta ishi kowa, “Wane irin rile ka saya?”

“Wanda in ya rufe sai maƙwabta sun ji,” in ji Mai Fanka da ƙarfi.

Siriri ya yi tari mai tsawo kafin ya ce, “Mayar musu da abinsu. Ƙato jinkiri gare shi. Kafin ya gama juyawa wutarka ta iso, za ta riƙa cin bakinsa. Ka ɗauki ɗan ƙaramin nan na cikin gilashi, shi kafin ka ƙifta ido ya rufe.”

“Kai da ma duk abin da ya yi kama da kai shi kake yabo. Ɗan firit, a hura ya faɗi.”

“Me ka ce? Ban ji ba.”

“Na ce na ji!”

Bai mayar ba. Ya ɗaure ƙaton da kusoshi a cikin akwatin, ya haɗa wayoyi, ya rufe murfi.

Ranar da aka fara kunnawa, fitilar tsakar gida sai da ta lumshe. Ya danna makirfo, rile ya ce ƙwas, allurar mita ta tashi tsaye, ya yi sallama. Da ya saki sai ga Siriri yana dariya yana tari. “Kai, ɗan banza, rage! Za ka fasa min ɗan kunnen da ya rage. Wallahi kamar kana zaune a bakin gadona.” Mai Fanka ya rufe fuska da tafin hannu. Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi daɗi da ya yi a tsufansa. Ya sake ba da labarin wandon ango, ya tono duk wani shirme da Siriri ya rasa a baya. Uwargida ta ce har ƙiba ya yi, kuma ta kama shi yana waƙa a banɗaki.

Abin da bai sani ba, maganar Siriri tana nan tana aiki a cikin akwatin. Duk dannawa, wutar tana riga harshen barin bakin ji, ta yi ɗan tartsatsi, ta bar baƙi. Bakin fita bai damu ba, wuta mai ƙarfi tana ratsa kowane datti. Amma amsar da ke zuwa daga nesa ba ta da wannan ƙarfi, ɗan tabo kaɗan ya isa ya tare ta. Muryar Siriri ta fara yankewa. Mai Fanka ya ce yanayin sama ne. Ta koma tana zuwa yau, gobe babu. Daga nan ta ɗauke gaba ɗaya.

Babu abin da bai duba ba. Ya hau rufi da tsufansa, uwargida na riƙe da tsani tana masifa, ya tsaftace mahaɗar eriya. Ya kwance makunnin bango ya goge shi da sanfefa, ya gwada eriyar tanki, ya gwada ta bishiya, ya canja kebur. Rile kaɗai bai buɗe ba. Me zai buɗe? Abu yana ƙara ƙwas ƙwas lafiya lau, allura tana tashi. Kuma in ya murɗa zuwa wani zango yana jin manyan tashoshi masu ƙarfi, ko da sun ɗan dushe, sai ya ce to ai kunnen rediyonsa kalau yake.

“Malam, ka nemi lambar 'yarsa mana,” in ji uwargida wata safiya, ta tsaya a bakin ƙofa da tiren shayi. “Ko ka shiga mota ka je ka gano shi. Mutumin nan fa ba shi da lafiya.”

“In wani abu ya faru da an aiko. Yana nan, yana ji na sarai. Allura ba ta ƙarya.”

“To me zai hana shi amsawa?”

“Ke ba ki san Siriri ba. Halinsa ne. So yake in roƙe shi.”

Ba halinsa ba ne, kuma Mai Fanka ya fi kowa sani. Amma fushi da mutum ya fi sauƙin ɗauka a kan tunanin ko mutumin yana kwance ba ya iya ɗaga hannu. In ya shiga mota, dole ya ga abin da ke can. In ya zauna yana fushi, Siriri yana nan da ransa, yana iya shege kawai. Sai ya zaɓi fushin.

Ya ci gaba da kira kowace safiya shi kaɗai. Da fari da tsiya: tashi, malalaci, rana ta fito. Daga baya ya koma ba da labari kamar ana sauraro, ya danna ya faɗa, ya saki ya ji shuuu, ya sake dannawa. Akwai ranar da ya sassauta murya ya ce, “Siriri, in na yi maka wani abu ne ka yi haƙuri. Ko tari ne ka yi min, in ji.” Babu ko tari. Ranar da abin ya kai masa wuya, ya jawo makirfo har yana taɓa leɓensa.

“To shi ke nan. Na gaji da magana da bango. In kana ji na, ka ji da kyau: ba zan sake kira ba. Ka riƙe shirunka, in riƙe nawa.”

Ya kashe komai, ya yafa wa rediyon tsohon zanen gado, ya ja ƙofa. Washegari ya sha shayinsa a tsakar gida, abin da bai yi ba tun 'ya'yansa suna rarrafe.

Makonni suka shuɗe. A shago ya zama ba a iya masa, tela ma ya daina leƙowa. Har aiki ya dawo masa, fankar wata mata da ya naɗa ta ƙone a kwana na biyu, abin da bai taɓa faruwa ba. Ana nan sai wani mai injin niƙa ya kawo akwatin tayar da injinsa, ya ce yana ƙara amma ba ya tayarwa. Mai Fanka ya kwance murfi. Rile ne irin nasa sak. Ya danna harshen da yatsa, ya ce ƙwas, lafiya lau. Ya karkata shi wajen haske, sai ya ga bakin baƙi ƙirin, duk ya rarake. Hannunsa ya tsaya cak. Mai niƙa yana ta bayani, shi bai ƙara jin ko kalma ɗaya ba. Ya tashi ya fita, ko kulle shagon bai yi ba, tela ne ya rufe masa.

Yana isa gida ya yaye zanen gado, ya kwance akwatin amfilifaya. Bakin fita yana nan fes. Bakin ji kuwa kamar gindin tukunya. Ya zare kebur ɗin eriya ya haɗa kai tsaye da rediyon, ya kunna. Nan take ɗakin ya cika da ƙananan muryoyi, na kusa da na nesa, waɗanda ya manta ma ana jin su. Ashe duniya tana nan tana magana, shi ne ya kurumce. Ya murɗa zuwa lungunsu ya kira, ko da yake ba lokacinsu ba ne. Washegari tun kafin shayi ya sake kira, ya saki, ya kasa kunne har yana riƙe numfashi. Yanzu rediyon yana jin komai, kuma babu kowa. Ya sa hula ya ce wa uwargida tasha za shi. Ba ta ce ai na faɗa maka ba, ta dai tura masa ruwa da magani a jaka.

La'asar ta yi sanyi kafin ya isa. Gidan yana kan tudu, ana hango ruwan madatsa daga ƙofa, ga eriya siririya a ɗaure jikin gora. A zaure ya ga tabarmi da yawa a naɗe an jingina su da bango, sun fi ƙarfin gidan mutum ɗaya. Ya kawar da kai, ya yi sallama. Wata mata tana wanke kwanuka a tsakar gida, tana jin muryar ta saki kwano ya faɗi. Auta ce, 'yar Siriri ta ƙarshe, wadda ta dawo gida jinyar mahaifinta. Rabonta da ganinsa tun tana goye, amma muryar nan da ita ta tashi.

“Baba Mai Fanka,” ta ce, sai ta fashe da kuka.

Bai tambaya ba, ba ta kuma faɗa ba. Ta kai shi ɗakin. An naɗe katifa, an share ƙasa, ɗan rediyon yana kan kujera dab da inda kan gado yake, makirfo a rataye da ƙusa daidai inda hannun mai kwanciya zai kai.

“Yaushe?” ya ce.

“An yi sati biyu. Na danna abin nan na faɗa maka, Baba, yadda na ga yana yi. Na yi ta faɗa. Ban san ko na iya ba.”

“Kin iya, 'yata. Ni ne ba na nan.” Ya juyo ya dube ta. “Lokacin da nake kira, yana ji na?”

“Har a tsakar gida ake jin ka. Duk abin da ka faɗa ya ji. Yana amsawa kuma, kullum. Ka saki ya danna, ka saki ya danna. Cewa yake, rilenka ne, tsoho, ka buɗe rile. Wani lokaci har muryar ta ƙare, sai in riƙe masa makirfo yana motsa baki. Ranar da ka ce ko tari ya yi maka, ya yi ta yi da gangan har sai da na ƙwace.”

Mai Fanka ya dafa bango. “Me ya sa ba ku aiko ba? Ga direbobi, ga waya.”

“Na ce bari in nemo lambarka, ya hana. Ya ce in aka ji ta waya aka gyara wa Mai Fanka rediyo, ba za ka ƙara ɗaga kai ba. Ya ce a bar ka, gwani ne kai, za ka gano da kanka.”

Ya zauna a ƙasa inda gadon yake. Zuciyarsa ta karye, karyewar da ya san ba mai ɗora ta. Akwai tambaya ɗaya da ta rage, ya fi son a yanke masa hannu da ya yi ta, amma ya yi.

“Ranar da na ce ba zan sake kira ba fa? Ita ma ya ji?”

Auta ta sunkuyar da kai. “Ya ji.”

“Me ya ce?”

“Dariya ya yi.” Ta share ido da gefen mayafi. “Washegari ya ce in tashe shi zaune in kunna. Kullum haka, in jingina shi da filo, in kunna, ya zauna yana jira har rana ta shigo ɗaki. In na ce Baba ka kwanta, sai ya ce, ‘Ke ba ki san shi ba. Fushinsa ba ya kwana, gobe zai kira.’ Har safiyar ƙarshe haka ya ce.”